Zauren Baba Malam: Mai son shiga gidan yari don taimako, me zai tarar?

Assalamu alaikum. A fitowar da ta wuce na ambata a gurguje cewa ranar Talata da safe ba a samuna a waya, domin ina gidan gyaran hali ina koyar da karatu. Ban zaci maganar za ta tayar da wasiƙu haka ba. Na zaɓi huɗu daga ciki. Ta farkon ce ta ci mafi yawan filin, sauran ku yi haƙuri da abin da ya samu.

Tambaya: Baba Malam, ni malamin firamare ne, shekarata 27. Ina son in riƙa ba da awa biyu a mako ina koyar da ɗaurarru karatu da lissafi kyauta, amma ban taɓa taka ƙofar wurin ba. Ta ina zan fara, me zan tarar a ciki, me kuma zan kiyaye? *Wani malami daga Zariya*

Amsa: Ɗana, Allah ya yi maka albarka, ya karɓi niyyarka. Ni sai bayan na ajiye aikin hedimasta wannan tunani ya zo mini. Na je duba wani tsohon ɗalibina da tsautsayi ya kai shi can, ina zaune a wurin ziyara sai na ga wani magidanci riƙe da 'yar takarda yana roƙon a karanta masa. Ranar komawarsa kotu ce a rubuce a jiki. Takardar tana hannunsa, rayuwarsa tana cikinta, amma sai ya nemi idon wani. Daga ranar na fara neman hanyar shiga.

Hanyar kuwa ta takarda ce. Tun 2019, da Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar doka, hukumar gidajen yari ta koma Hukumar Gidajen Gyaran Hali, kodayake bakin jama'a bai bar gidan yari da gidan kaso ba, nawa ma haka. Kowace jiha tana da Kwanturola, shi za ka rubuta wa. Ka faɗi ko kai wane ne, me za ka koyar, wace rana, ƙarfe nawa, ka haɗa da katin shaidarka. Idan ya amince sai a tura ka wurin shugaban gidan, shi kuma ya haɗa ka da jami'in walwala, wanda a hannunsa yawancin harkarka za ta riƙa bi. Ya fi sauƙi ka shiga ta inuwar wata ƙungiya da ta riga ta saba zuwa, ta masallaci ko ta coci ko ta lauyoyi, domin mutum ɗaya tilo da ba a san shi ba yakan daɗe yana jira. Kuma a bakin ƙofa kada ka ce kai ɗan sa kai ne, ka san abin da kalmar ta koma nufi a yankunanmu yanzu. Ka ce malami ne mai koyarwa kyauta, ga takardar izini.

A ƙofa za ka ajiye waya da kuɗi da makullai, ka rubuta sunanka da lokacin shigarka a babban littafi. Za a laluba jikinka, kuma ranar ɗari za a laluba ka kamar ranar farko. Kada ranka ya ɓaci. Littattafan da ka ɗauko za a buɗe su shafi shafi. Akwatin lissafin nan na 'yan makaranta ka bar shi a gida saboda tsinken da ke ciki, abin fiƙe fensir ma reza ce a jikinsa. Ni a gida nake fiƙe fensirorina tun daren Litinin, in ƙirga su a gaban jami'i in zan shiga, in sake ƙirgawa in zan fito. Ashirin suka shiga, ashirin za su fita.

Ba a buɗe ƙofa ta biyu sai an kulle ta farko. Ɗan lokacin da za ka tsaya tsakanin ƙofofin nan biyu, ka ji ƙarar makulli a bayanka, gabanka zai faɗi. Kowa haka ya ji. Ka yi addu'arka ka wuce.

Abin da zai fara tarar ka a ciki wari ne da zafi. Gidajen da yawa tun zamanin Turawa aka gina su, na Kurmawa a Kano ginin 1910 ne, kuma an yi su ne don mutanen da ba su kai yawan na yau ba. Ɗaki ya cika, iska ba ta wadata, ruwa sai an yi tattali. A watan Afrilu za ka ga ƙuraje da ƙazwa a jikin mutane, za ka ji tari. Ina roƙonka abu ɗaya: kada ka toshe hanci a gabansu, kada ka janye hannu in an miƙo maka. Ka yi musabaha, in ka fito ka wanke hannunka da sabulu, in ka isa gida ka sauya kaya. Su a cikinsa suke kwana, kuma suna kallon fuskar baƙo fiye da yadda yake zato.

Sai maganar lokaci. A makarantarka ƙararrawa ce ke mulki, a nan ƙidaya ce. Ana ƙirga mutane in an buɗe ɗakuna, ana ƙirga su in za a rufe, kuma in lissafi bai cika ba babu mai motsi, har kai baƙo. Wata rana za ka biya kuɗin mota ka zo a ce yau ba aji, ana bincike, ko ana jiran babban baƙo. Wata rana ka shiga ka tarar rabin ɗalibanka mota ta kwashe su zuwa kotu. A 2020, lokacin korona, an dakatar da ziyara gaba ɗaya. Bayan harin da aka kai gidan Kuje a Yulin 2022 kuma tsaro ya ƙara tsauri. Duk wanda ba zai iya juyawa gida ba tare da gunaguni ba, ya kuma dawo mako mai zuwa, wannan aiki zai gajiyar da shi da wuri.

Su wa za ka samu a ciki? Mu na waje muna ɗauka duk wanda ke gidan yari alƙali ya riga ya yanke masa hukunci. A ƙasar nan kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke tsare jiran shari'a suke yi. Wani an kai shi gaban majistare kan laifin da kotun ba ta da hurumin saurara, aka ce a ajiye shi sai shawarar ma'aikatar shari'a ta fito, shawarar kuma ta yi nauyin ƙafa. Wani an ba shi beli amma babu mai tsaya masa. Wani ba shi da lauya, bai ma san akwai Hukumar Ba da Agajin Shari'a da gwamnati ta kafa tun 1976 don irinsa ba. Wannan bambanci za ka gan shi a aji. Wanda aka yanke wa hukunci ya san ranarsa, yana ƙirga ta. Ka taɓa jin ana cewa shekarar gidan yari wata takwas ce? Rangwamen kashi ɗaya cikin uku ne da ake yi wa mai kyawun hali. Irin wannan ɗalibi hankalinsa yakan zauna, ya ce kafin ya fita sai ya iya rubuta wasiƙa. Mai jiran shari'a kuwa jikinsa ne a gabanka, zuciyarsa tana kotu. In an kira suna a tsakar gida sai ka ga kawuna sun ɗago gaba ɗaya. Ka shirya darasinka yadda kowace rana za ta tsaya da ƙafarta, domin wanda ka koya wa baƙi yau mai yiwuwa ba za ka gan shi ranar wasali ba.

Kada ka tambayi mutum me ya kawo shi. In ya ga dama zai faɗa maka, in ya faɗa ka saurara, kada ka yanke, kada ka wanke. Akwai waɗanda ba su ji ba ba su gani ba, na sha ganinsu. Akwai kuma waɗanda suka aikata abin da in ka ji sai tsigar jikinka ta tashi, kuma a waje akwai marayu da zawarawa da abin ya bari. Ban taɓa mantawa da waɗannan ba, kai ma kada ka manta. Amma alƙalanci ba shi ya kai ka ba. An ba ka allo da alli, ka tsaya a kansu.

Yanzu ga abin da na fi son ka riƙe, kuma da kuskurena zan koya maka shi.

A watana na biyu, bayan an tashi aji, wani saurayi mai shiru-shiru ya tsaya yana taya ni tattara fensirori. Ya rage murya ya faɗa mini sunan ƙauyensu, ya ce tun da aka kama shi mahaifiyarsa ba ta san inda yake ba, in taimaka in gaya mata yana raye. Na ce masa in sha Allahu zan je. Na faɗa ne irin yadda muke faɗa wa juna a waje, don kunya da son a rabu lafiya. Damina ce, hanyar ƙauyen ta lalace, ga hidimar gida, mako ya wuce ban je ba. Ranar Talata ina shiga na gan shi tsaye a bakin aji yana duban fuskata. Na ce masa mako mai zuwa. Mako na biyu ya sake tsayawa, ya sake dubana. Mako na uku bai tambaye ni ba, ya zauna can baya. Na huɗu bai zo aji ba sam.

Ranar ban iya barci ba. Ni a wurina maganar ɗaya ce cikin hidimomi hamsin na mako. Shi a wurinsa ita kaɗai ce, ya yi kwana ashirin da takwas yana juya ta a ɗakin da babu abin yi sai tunani. Washegari na koma na sami jami'in walwala, abin da ya kamata in yi tun farko, na gaya masa, ya rubuta, ya ce in je da saninsa. Na sami tsohuwar. Ta riga ta zagaya asibitoci biyu, har wasu sun fara ba ta shawarar ta yi masa sadaka. Da ta ji yana raye sai ta zauna a ƙasa, ta daɗe ba ta ce komai ba. Ta zo ziyara da ƙuli-ƙuli da garin rogo a ƙulle cikin leda. Yaron ya dawo aji, ya gaishe ni da ladabi, bai taɓa tayar da maganar ba. Ni ne ban manta da tsayuwar nan tasa a bakin ƙofa ba.

Ka tuna ƙissar Annabi Yusuf, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Da ya ga ɗaya daga abokan zamansa na kurkuku zai fita, abin da ya roƙe shi ke nan, ya ambace shi a wurin ubangidansa. Mutumin ya fita ya manta, Annabin Allah ya ƙara shekaru a ciki. Na karanta wannan tun ina ɗan makarantar allo, amma sai a gidan yari na gane nauyinta. Duk mai fita ta ƙofar nan da yamma, na ciki kallon wancan mutumin suke yi masa. Za a roƙe ka, kullum, ta kowace fuska: ka kira mini yayana, ka duba mini lauya, ka kai wannan takarda, ka taimaka da ɗari biyar. Alkawari kaya ne a ko'ina, a can kuwa ya fi nauyi. Abin da ba za ka iya ba ka ce ba za ka iya ba, a fili, da fuska a sake. Za su ji zafi na ɗan lokaci, amma sun fi jure wannan a kan jiran da ba ranar ƙarewa. Abin da za ka iya kuma, ka bi da shi ta ofishin walwala, ka faɗi ranar da za ka kawo amsa, ka kawo ta ko da amsar ba mai daɗi ba ce.

Kada ka fita da wasiƙa a aljihu, kada ka shigo da saƙon kowa a ɓoye, kada ka ba da lambar wayarka ko kwatancen gidanka, kada ka danƙa wa ɗaurarre kuɗi a hannu. Shigar da waya ko ƙwaya ko duk abin da aka hana laifi ne a doka, mai yin sa zai iya komawa ɗan gida. Kuma roƙon yakan fara da ƙarami. Yau goro, gobe kati, jibi abin da ba za ka iya faɗa wa kowa ba, a lokacin kuma an riga an riƙe ka da na jiya. Yawancin masu roƙon ba mugunta ke sa su ba, matsuwa ce, amma sakamakon ɗaya ne: ranar da aka kama malami guda da abu, ajin gaba ɗaya ake rufewa, mutum talatin su rasa karatu.

A aji ka fara da sunayensu. Ka riƙe sunan kowa, ka kira dattijo da Malam ko Baba kamar yadda za ka kira shi a kasuwa. Darasina na farko kullum shi ne kowa ya rubuta sunansa. Akwai wani manomi da ya haura hamsin, duk rayuwarsa dangwale yake yi da babban yatsa. Ranar da ya rubuta sunansa da kansa ya riƙe takardar yana kallo, sannan ya tambaye ni ko za a bar shi ya tafi da ita ɗaki. Da yawansu sun yi allo, suna karanta ajami sarai, sai ka ɗora boko a kan abin da suka sani, kada ka ɗauke su kamar 'yan aji ɗaya. Za ka kuma haɗu da waɗanda suka fi ka karatu. Jami'ar karatu daga gida ta ƙasa, NOUN, tana da cibiyoyi a wasu gidajen, tana koyar da ɗaurarru ba tare da kuɗin makaranta ba, akwai kuma masu zana jarrabawar NECO daga ciki. Irin waɗannan ka jawo su su zama mataimakanka, su ne za su riƙe ajin sauran kwana shida da ba ka nan. Kowane ɗaki yana da shugabansa, suna da limaminsu da mai jan addu'ar Kiristoci. Ka gaishe su, domin da bakinsu ɗalibai ke fitowa.

Jami'an gidan ma ka ba su girmansu. Mu mun saba cewa gandiroba, amma in kana magana da mutum ka ce yallaɓai ko ofisa. Zafin da ka ji na awa biyu su a cikinsa suke yini. Akwai masu tausayi ƙwarai a cikinsu, na san wanda yake saya wa marasa lafiya magani daga aljihunsa. Kada ka yi musu da jami'i a gaban ɗaurarru. In ka ga abin da bai dace ba kuma kada ka haɗiye shi: ka riƙe rana da lokaci, ka sami shugaban gidan a keɓe. In abin ya fi ƙarfin nan, Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa tana da ikon shiga wuraren tsare mutane, ƙungiyarku ta rubuta mata. Labarin ɗalibanka kuma amana ne, ba na Facebook ba ne, ba na majalisar shayi ba.

Ranar farko da na dawo gida aka ajiye mini tuwo da miyar kuɓewa, na kasa ci, don na ga gabzar da aka raba da rana. Kuɗin abincin ɗaurarre na yini guda naira 750 ne kafin a ɗaga shi zuwa 1,125, kai da kake cefane ka san abin da wannan zai saya. Irin wannan nauyin zai biyo ka gida. Ka sami abokin tafiya da za ku riƙa tattaunawa a hanya. Kuma kada ka ce musu ka zo ke nan har abada. Ka ce wata uku, ka cika wata ukun ba fashi, sannan ka ƙara.

Tambaya: Baba, mu matan wata Islamiyya ne, mun tara 'yan kuɗi muna son kai ziyara ɓangaren mata kafin azumi. Me ya fi dacewa mu kai? *Wata uwa daga Gombe*

Amsa: 'Yata, Allah ya saka muku da alheri. Ni ba na shiga ɓangaren mata, jami'ai mata ne ke kula da shi, don haka na tambayi mai ɗakina wadda take zuwa tare da ƙawayenta, ga abin da ta ce in gaya muku.

Audugar mata ita ce farko. Sai sabulun wanka da na wanki, man shafawa, zannuwa, rigunan ciki, silifa. Ku tambayi jami'ar kafin ku je ko akwai masu ciki ko masu goyo, domin akan sami jarirai tare da uwayensu, wanda aka haifa a can da wanda aka shigo da shi a goye. In akwai, ku sa kayan jarirai da gidan sauro a lissafi. In dafaffen abinci za ku kai, za a sa wadda ta kawo ta ɗanɗana a ƙofa, ƙa'ida ce ga kowa. Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da ƙa'idoji na musamman kan mata ɗaurarru a 2010, waɗanda ake kira ƙa'idojin Bangkok, saboda an lura gidajen yari da maza aka tsara su, bukatun mace sai a bayan lissafi suke zuwa.

Amma ta ce kayan ba su ne babban abin ba. Namiji in an ɗaure shi, uwa tana zuwa, mata tana zuwa. Mace in an ɗaure ta, sau da yawa takardar saki ce ke biyo ta, dangi kuma su ce ta ja musu abin kunya. Akwai wadda ta shekara ba wanda ya leƙo ta. Tambayarsu ta farko kullum 'ya'ya ce: wa ke riƙe da su, suna zuwa makaranta, an gaya musu ina take? Ku bar gwala-gwalai da manyan leshi a gida, ku zauna a tabarma tare da su. Wa'azin da zai tuna musu laifinsu ba sa bukatarsa, sun fi ku saninsa. A yi karatu, a yi addu'a, a yi kitso in an yarda, a saurare su. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. In kun ji shari'ar da ta tsaya, ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA tana taimaka wa mata da yara kyauta, ku nemi reshenta na jiharku.

Shawarata ni kuma: ku raba kuɗin gida uku ko huɗu. Da azumi da sallah ƙofar takan cika da masu alheri, sai a wayi gari a watan Safar ba kowa. Na ga matan coci da suke zuwa kowane mako, rani da damina, shekara da shekaru, kuma ina girmama su a kan haka. Mu ma mu koyi zuwa a watan da ba kowa.

Tambaya: Malam, ni ɗan kasuwa ne, ba ni da lokacin shiga, amma ina son in biya wa wasu tara su fita. Yaya zan yi kuɗina su isa inda na nufa? *Wani Alhaji daga Kantin Kwari, Kano*

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya yi umarni a kwance kamamme, a ciyar da mayunwaci, a duba mara lafiya, kuma ƙofar da ka nufa a buɗe take ƙwarai. A Nuwamban 2023 ma'aikatar harkokin cikin gida ta ƙaddamar da sakin mutum 4,068 da tara ta riƙe, da kuɗi naira miliyan 585 da aka tara daga masu taimako. Ka raba ka gani, abin da ke riƙe da mutum guda sau da yawa bai kai cinikinka na yini ba.

Ka tura amintaccen yaronka ko lauya wurin shugaban gidan a ba ku jerin waɗanda aka yanke wa ɗauri da zaɓin tara. Kuɗin a kotun da ta yanke hukuncin ake biya, a karɓi rasit, kotu ta ba da takardar saki, a kai gidan. Kada ka danƙa wa wani ɗan tsakani a bakin ƙofa. Ku duba takardar hukuncin da kyau, domin wani ban da tara akwai diyyar da aka ce ya biya wanda ya cuta, kuma biyan tarar kaɗai ba zai sauke wannan ba. Mai haƙƙin nan ma mutum ne, wataƙila akuyarsa guda aka sace ko jarin awararta aka cinye. In ka biya shi ka kashe wuta biyu.

Sannan ka ware wani abu na bayan fita. Na ga wanda aka saka da la'asar, ba ko sisi a aljihunsa, garinsu tafiyar awa huɗu, kayan jikinsa waɗanda aka kama shi da su ne. Kuɗin mota, riga da takalmi, abincin hanya. In ya koyi ɗinki ko kafinta a ciki, ka san masu shaguna fiye da ni, kalma ɗaya daga bakinka za ta sa a karɓe shi. Roƙona na ƙarshe, kada a jera su a ɗauki hoto. Mutum yana son ya koma unguwarsu a hankali, ba a riga shi isa da fuskarsa a waya ba.

Tambaya: Baba Malam, ina karatun lauya, ina son in bi wata ƙungiya shiga gidan yari, amma mahaifina ya hana, ya ce wurin haɗari ne. *Wata ɗaliba daga Sakkwato*

Amsa: 'Yata, tsoron mahaifinki ba na banza ba ne, ya ji labarin fasa gidajen yari kamar yadda kowa ya ji. Ni dai a shekarun da na yi ina shiga ba wanda ya taɓa ɗaga mini murya, kuma baƙo ba ya zama ba jami'i a kusa. Amma kada ki je a ɓoye, kada ki yi masa gardama. Ki roƙi shugabar ƙungiyar ta zo gida ta gaishe shi, ta nuna masa takardar izini, ta gaya masa su wa za ku tafi tare da ƙarfe nawa za ku dawo. In zai yiwu ya raka ku bakin ƙofa ranar farko ya gani da idonsa.

In duk da haka bai yarda ba, akwai rabin aikin da a waje yake, kuma shi ya fi ƙarancin masu yi. Abokan tafiyarki za su fito da sunaye da lambobin shari'o'in da suka tsaya. Wani ne zai je rajistar kotu ya tambayi ina fayil ya kwana, ya kai sunan ofishin agajin shari'a, ya rubuta a tuna da shi ranar da Babban Jojin jiha zai kai ziyarar rage cunkoso. Ki ce su ba ki suna uku kawai don farawa, ki buɗe wa kowanne shafinsa a littafi, ki riƙa ba su abin da kika samo kafin ranar shigarsu, don su isar wa masu shi.